Garejin da aka gina wa 504 ya ƙi karɓar Prado: in rushe zaure?

Tambaya daga wani Alhaji a Garwa, arewacin Kamaru: "Assalamu alaikum. Malam, na canza mota, na sayi Prado ƙirar 2015. Gidanmu na gado ne, a tsohuwar unguwa. Marigayi mahaifina ya gina gareji don Peugeot 504 ɗinsa, ni ma na yi shekaru ina sa Carina a ciki ba tare da matsala ba. Ƙofar mita biyu da rabi ce, garejin faɗinsa mita 2.70, tsawonsa mita 5, lungunmu kuwa bai fi mita huɗu ba. Yanzu sai na yi gaba na yi baya sau huɗu kafin in shiga, har na goge gefenta sau biyu. In na shiga kuma, fitowa daga cikinta sai da dabara. In na bar ta a waje maƙwabta su yi ta ƙorafi. Wani magini ya ce in rushe zaure in haɗe shi da garejin. Motocin ne suke ƙara girma, ko hannuna ne ya lalace? Me ka ga ya dace?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifi, ya sanya alheri a sabuwar mota, ya tsare hanya. Hannunka lafiya lau yake. Na haura shekara ashirin ina zanen gidaje da duba aikin magina tsakanin Garwa da Marwa, kuma a 'yan shekarun nan da wuya wata ya wuce ba a kira ni kan irin wannan magana ba. In na fahimce ka, abu uku ne suka haɗu maka: shigar da motar daga lungu, buɗe ƙofarta bayan ta shiga, da zaman lafiya da maƙwabta. Kowanne da maganinsa, kuma rushe zaure ba lalle ya warware ko biyu daga ciki ba. Don haka kada a ɗora guduma a bango tukuna.

Motocin ne suka ƙaru

Mahaifinka bai yi kuskuren awo ba. Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a 1968, kuma aka daɗe ana haɗa ta a Kaduna, faɗinta mita 1.69 ne, tsawonta bai kai mita huɗu da rabi cif ba. Carina ɗin da ka rabu da ita kusan ɗaya suke a faɗi. A gareji mai mita 2.70, mita guda cur ke rage maka. Prado taka faɗinta ya kusa mita 1.89, tsawonta wajen mita 4.8, in kuma irin mai tayar safiya rataye a ƙofar baya ce to ta doshi mita biyar. Santimita ashirin kenan ta fi 504 faɗi. A baki kamar ba komai ba ne, taƙi ɗaya ne na hannun babban mutum, amma taƙin nan shi ne wurin da kake zura ƙafa ka fito.

Kuma ba jif kaɗai ba. RAV4 ta farko, ta 1994, faɗinta bai kai mita 1.70 ba, ta 2019 kuwa ta haura 1.85. Corolla da muka sani siririya yanzu ta kai 1.78. Hilux mai ƙofa huɗu ta zamanin nan tsawonta ya haura mita 5.3, ka ga ko a mafarki ba za ta kwana a garejinka a rufe ƙofa ba. Land Cruiser babba, wadda ake kira V8, santimita biyu ko uku ne suka hana ta cika mita biyu.

Akwai dalilin da ya sa tsofaffin motocin Japan suke kama da juna a faɗi. A can akwai rukunin ƙananan motoci wanda sharaɗinsa kada faɗi ya wuce mita 1.70, tsawo kada ya wuce 4.70, kuma kafin 1989 motar da ta tsallake wannan iyaka haraji mai nauyi ake ɗora mata. Shi ya sa masu ƙira suka riƙa tsayawa a 1.695, su bar rabin santimita. Da aka sauya tsarin harajin sai takunkumin ya kwance. Daga baya gwaje-gwajen karo suka tsananta, a Turai tun wajen 1997, aka ƙara kaurin ƙofofi, aka cusa musu ƙarafa da jakunkunan iska don kare mutum in an buge shi ta gefe. Wannan kauri alheri ne ga na ciki, amma daga waje yake cin wuri. Sai kuma son zuciyar masu saye da ribar kamfanoni, don babbar mota ta fi kawo riba. A 2023 kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a duniya masu tudu ne irin jif. Wata ƙungiya mai suna Transport & Environment ta auna ta ce sababbin motoci a Turai suna ƙara santimita ɗaya a faɗi duk shekara biyu, har matsakaicinsu ya haura mita 1.80 a 2023. Can ma abin ya ishe su. Ma'aunin wurin fakin da aka daɗe ana bi a Ingila mita 2.4 ne da 4.8, motoci da yawa sun fi shi tsawo yanzu. A Faris kuwa, a Fabrairun 2024, an jefa ƙuri'a aka ninka kuɗin fakin sau uku ga manyan motoci masu nauyi na baƙin da suka shigo gari.

Me ya haɗa mu da wannan? Mu motar da suka gama hawa muke saye. Abin da Bature ko Balaraben Dubai ya saya sabo bana, shi za a sauke a Duwala bayan shekara goma, ya hauro ta Ngaundare ya iso mana. Wato girman da muke gani yanzu na jiya ne, wanda ya fi shi yana tafe. Duk mai aza tubalin gida yau ya auna garejinsa da motar da ɗansa zai saya, ba wadda yake hawa ba.

Ba kuma na cikin masu cewa duk mai kat-kat, wato babbar jif, fankama yake yi. Wanda ya taɓa bin hanyar Mora zuwa Kusiri, ko yake da gona a bayan wani mayo, wato rafi, da damina, ya san amfanin mota mai tudu. Sai dai na sha ganin wanda tafiyarsa ba ta wuce gida, shago, masallaci, ya ɗauko wa kansa wahalar da RAV4 ko Corolla za su ɗauke masa. Kai ka riga ka saya, don haka mu koma kan gidan.

Lungu ne ke yanke hukunci

Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su auna faɗin mota, su auna ƙofa, su ga akwai rara, su ce shi ke nan. Mota ba ta shiga gida a miƙe sai in ƙofarka tana kallon fili. Daga lungu take karyo kwana, kuma lokacin da take ratsa ƙofar a karkace take, tana cin wuri fiye da faɗinta. Tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yanke kwana suke yi ta ciki, iya tsawon mota iya yankewar. Ina da yaƙinin gogewar da ka yi sau biyu a ƙofar baya take ko saman tayar baya, ta ɓangaren da kake juyawa. Kullum nan ne. Ga kuma madubai, waɗanda ba a lissafa su cikin faɗin da kamfani ke rubutawa. A awon da nake yi sukan ƙara santimita ashirin zuwa talatin in an haɗa biyun. Ƙofarka mai mita biyu da rabi kenan ba ta bar maka fiye da taƙi guda a kowane gefe ba, ko da a miƙe ka shigo.

Abin da aiki ya koya mini: iya ƙuncin lungu, iya faɗin da ƙofa take bukata. In layin ya kai mita shida ko fiye, ƙofa mai mita uku zuwa uku da rabi ta wadatar da Prado. A lungu mai mita huɗu irin naka, sai ƙofar ta doshi mita huɗu kafin ka shiga da kai a juyi ɗaya hankali kwance. Kuma mita huɗun da ka faɗa, daga bango zuwa bango ka auna ko? To cire dakalin maƙwabci, cire lambatu, cire turken wuta in akwai. Abin da ya rage shi ne lungunka na gaskiya.

Hanya mafi araha ita ce ka koyi shiga da baya. Mota a kan tayoyin baya take juyawa, don haka in ka shiga da ribas gindinta yana saituwa da ƙofa da wuri, goshin ne ke lilo a cikin lungu. A lissafina wannan kaɗai yakan rage maka wajen santimita talatin na faɗin ƙofar da kake bukata, kuma da safe za ka fito da fuska, kana ganin mai mashin da ya kunno kai. Amma akwai sharaɗi a kan wannan, zan zo kansa.

Na biyu, a faɗaɗa ƙofar ta ɓangaren da kake shigowa, ba dole ta kowane gefe ba. Sau da yawa ginshiƙi ɗaya ake matsarwa santimita sittin ko tamanin, magana ta ƙare. In ginshiƙin ba zai matsu ba, ana iya fafe kusurwarsa ta waje a yi ta a karkace, yadda gefen mota zai sami inda zai bi. Ƙofa mai ganye biyu ita ma tana cin wuri: ƙarfen gefe da hinjis sukan sace santimita goma ko fiye, in kuma ciki take buɗewa sai ta cinye tsawon garejin. Mai zamewa a kan dogo ta fi, in akwai bangon da za ta kwanta a jikinsa. Aibinta ɗaya a garinmu: yashi da ƙurar hunturu suna cika dogon, sai an riƙa share shi, kuma ka nemi mai walda da zai sa tayoyi masu kyau, in ba haka ba bayan damina biyu sai ƙarti biyu sun tura ta.

Cikin garejin

Cire 1.89 daga 2.70, saura santimita tamanin da ɗaya. In ka manna gefen fasinja da bango ka bar santimita ashirin, kana da sittin a gefenka. Ƙofar Prado kanta tana da kauri, in ka buɗe ta cikin sittin ɗin ramin da ya rage maka bai fi na yaro ba. Babban mutum da babbar riga ranar Juma'a yana bukatar aƙalla santimita tamanin daga jikin mota zuwa bango. Hajiya da yara kuwa dole su sauka a lungu kafin ka shiga, wanda ba kowane maigida ne zai so haka ba. Don haka ni in zan zana sabon gareji na mota ɗaya yau, ba na yin ƙasa da mita uku da rabi a faɗi, shida a tsawo.

Akwai abu biyu da magina ke mantawa. Na farko tsayi. Prado ta kusa mita 1.9, in an ɗora mata kariyar ɗaukar kaya a sama ta wuce biyu. Tsofaffin gareji da yawa linta ɗinsu a mita biyu take, kuma in akwai gangare a bakin ƙofa motar takan ɗaga gindi ko goshi daidai lokacin da take ƙarƙashin lintar. Mita 2.4 nake bari. Ka kuma tuna ƙofar bayan wannan Prado gefe take buɗewa kamar ƙofar ɗaki, tana son fiye da mita guda a bayanta. In ka shiga da baya ka manne da bango, buhun shinkafar da ke but sai gobe.

Na biyu nauyi, kuma wannan ya fi damuna. 504 ba ta fi tan ɗaya da 'yan kai ba, Prado ta haura tan biyu tun kafin kowa ya shiga. Silab ɗin da aka rufe lambatu da shi a bakin ƙofa don ƙaramar mota aka zuba shi, wani ma ba rodin kirki a ciki. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ramin masai. A tsofaffin gidajenmu sau da yawa a jikin katangar waje ake haƙa shi, a rufe, a manta. Na taɓa zuwa wani gida a Marwa inda aka faɗaɗa wurin ajiye mota ba a tambayi tsofaffin gidan ba. Da damina ta yi nisa ƙasa ta jiƙa, wata safiya aka tarar tayar baya ta hagu ta nutse har gindin mota ya zauna a ƙasa, siminti ya dare kamar an fasa tukunya. Allah ya kiyaye ba kowa a wurin. Kafin ka matsar da bango ko taku ɗaya, ka nemi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a gidan ka tambaye ta inda aka taɓa haƙa rami ko rijiya. Ta fi kowane zane sani.

Maganar zaure

Nan zan faɗi ra'ayina kai tsaye: ban goyi bayan rushe shi ba, sai in an gwada komai ya ƙi. Ta fuskar gini, bangon da ke tsakanin zaure da gareji a irin waɗannan gidaje galibi shi ke ɗauke da rufin duka biyun. In na ƙasa ne aka yi masa rigar siminti, ba ka cire shi ka zauna lafiya sai ka zuba ginshiƙai da bim, kuɗin kuwa yakan ninka abin da magini ya faɗa maka a tsaye. Ta fuskar zama kuma, zaure shi ne inda baƙonka ke tsayawa ya yi sallama, inda almajiri ke fakewa, inda ake zaman gaisuwa in an yi rasuwa ko suna, shi ne kuma sutura tsakanin lungu da matan gida. Na ga gidajen da aka mayar da shi gareji. Duk lokacin da aka buɗe wa mota, na waje yana hango har madafa, maigida kuma ya koma karɓar baƙi a kan benci a rana. Motar nan in ta daɗe a hannunka shekara goma ne. Sannan gidan gado ne, ka faɗa da bakinka. In akwai sauran magada, ba a taɓa bango sai da yardarsu, kada mota ta jawo abin da za a daɗe ana jin ɗacinsa.

Abin da nakan fara dubawa shi ne ɗaya bangon garejin, na ɓangaren tsakar gida. In ba ya ɗauke da wani ɗaki, a sauke shi a bar ginshiƙai biyu, garejin ya zama rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Nan take ƙofar direba ta sami wurin buɗewa, ba a ƙara ko bulo ɗaya ba. A zafin Garwa na Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri arba'in, rumfa mai shan iska ta ma fi wa mota daɗi a kan akwatin siminti mai rufin kwano a ƙasa-ƙasa. In ana son sutura sai a sa bulo mai huji ko asabari daga inda ƙofar motar ta ƙare. In kuma akwai darbejiya a wurin, don Allah a zagaye ta. Na sha roƙon masu gida kan wannan, inuwar da ta yi shekara talatin tana girma ba a sayo ta a kasuwa.

Yara

Ga sharaɗin da na ce zan zo kansa. Goshin Prado ya haura ƙugun babban mutum. Yaro ɗan shekara biyu ko uku in ya tsaya dab da bamba, ta gaba ko ta baya, direba ba ya ganinsa sam. Ba sai ka yarda da ni ba: ka kashe motar, ka zauna a kujerarka, ka sa a ajiye jarkar ruwa mai lita ashirin a gabanta a riƙa nesanta jarkar da motar har sai ka hango murfinta. Ka sauko ka taka tazarar da ƙafarka. Duk wanda na sa ya yi wannan gwaji jikinsa yakan yi sanyi. Gidajenmu kuwa cike suke da yara, namu da na maƙwabta, kuma ƙarar motar Baba ita ce ke kiransu da gudu. Don haka in za ka shiga da baya, ko ka buɗe gefen garejin zuwa tsakar gida, ya zama doka: mota ba ta motsi sai wani babba ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, ya tabbatar an riƙe ƙanana. Kyamarar baya tana taimako, in babu a sa, ba ta da tsada. Amma ƙura kan rufe idonta, kuma ba ta ganin wanda ya ɓullo ta gefe. Ƙaramar katanga ko ƙyauren ƙarfe mai tsayin ƙugu tsakanin rumfar da tsakar gida ya fi min kyamara.

Maƙwabtanka kuma suna da gaskiya, Alhaji, kada ka ji haushinsu. Mota mai kusan mita biyu a lungu mai mita huɗu ta cinye rabi. Mai kurar ruwa zai wuce da ƙyar, wata motar ba za ta wuce ba, in kuma dare ya yi aka tashi kai mai naƙuda asibiti, ko aka fito da makara, kai za a zo ana buga wa ƙofa. Hanya haƙƙin kowa ce. Haka nan kada a gyara shiga ta hanyar zuba gangaren siminti ya mamaye lungu ko ya toshe lambatu, ruwan Agusta zai koma gidan wani. Duk aikin da zai taɓa katangar waje, a leƙa ma'aikatar magajin gari a ji ƙa'ida kafin a fara, a kuma sanar da mai unguwa. In duk wannan ya gagara, akwai mafitar da mutane ke raina wa alhali ta fi kowacce sauƙi: ka nemi fili mai katanga da maigadi a bakin babban titi, ka riƙa biya duk wata, ka ƙarasa gida a ƙafa ko a mashin. Na san 'yan kasuwa da dama da suke haka, tsohon garejin kuma ya zama na mashinan gida ko ɗakin ajiya.

Ban ga gidanka ba, kuma zuwa da kai ya fi saƙo. Ban san da me aka yi bangon ba, ban san abin da ke kwance a ƙarƙashin daɓen ba, waɗannan sai wanda ya tsaya a wurin ya ƙwanƙwasa. Amma akwai gwajin da za ka yi da kanka kafin ka biya kowa ko sisi. Ka sami fili da yamma, ka tafi da igiya, da toka, da bulo huɗu. Ka ja layi biyu da toka daidai faɗin lungunka na gaskiya, bayan ka cire dakali da lambatu. Ka ajiye bulo biyu a matsayin ginshiƙan ƙofa, mita biyu da rabi tsakaninsu, biyu kuma a ƙarshen garejin. Ka shiga da kai, ka shiga da baya, wani yana tsaye yana duba inda taya ta taka toka. Sai a riƙa matsar da bulo ɗaya taƙi-taƙi har ka shiga a juyi ɗaya sau uku a jere ba ka taɓa komai ba. Ka auna tsakanin bulon, ka ƙara santimita ashirin saboda dare da gajiya. Wannan lambar za ka kai wa magini da mai walda. In ka turo min ita tare da hoton bangon ta ciki da ta waje, zan gaya maka ginshiƙin da ya kamata a matsar.